Bleach na Nirvana: kundin da aka ɗauka a awa 30, da yadda za a saurare shi a karkara

Duk mai zaga layin 'yan gwanjo a kasuwar Gujungu, ko Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ya san rigar nan baƙa mai zanen fuska ruwan ɗorawa, harshe a waje, an rubuta NIRVANA a samanta. Samari na saye don kyan zanen. Kaɗan ne suka san cewa sunan wata ƙungiyar makaɗa ce ta Amurka, kuma cikin waɗanda suka sani ɗin ma, yawanci waƙa ɗaya suka taɓa ji, daga kundin waƙoƙinsu na biyu. Wannan sharhi a kan na farkon ne, Bleach, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Sub Pop a birnin Seattle ya fitar ranar 15 ga Yuni, 1989.

Tun kafin a yi nisa, ga hukuncin. Ba kiɗan biki ba ne, ba na majalisi ba ne, kuma mai hayar sauti da ya sa shi a wurin kamu zai kori jama'a. Cikin waƙoƙinsa akwai biyar ko shida masu ƙarfi sosai, sauran kuma ba yabo ba fallasa, ɗaya ko biyu ma suna gajiyar da kunne. Amma ga yaron da ya haɗa ɗan situdiyo a ɗakin zaure da kwamfuta ɗaya da makirfo biyu, ko mai gyaran amfilifaya da yake son sanin iyakar sifikarsa, da wuya a sami kundin da ya fi wannan koyarwa. Mutum uku ne, kuɗi kaɗan, lokaci kaɗan, kuma komai da suka yi daidai da wanda suka yi ba daidai ba yana nan a fili, ba a lulluɓe shi da komai ba.

Kurt Cobain, mai jita da waƙa, da Krist Novoselic, mai jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, sun kafa ƙungiyar a 1987 a Aberdeen, wani garin masu yankan katako a jihar Washinton, nesa da birni, inda aiki ya yi ƙaranci. Hannu baka hannu ƙwarya suke. Matsalarsu ta farko mai ganga ce, wannan ya zo wannan ya tafi. Ranar 23 ga Janairu, 1988 suka ari Dale Crover na ƙungiyar Melvins suka shiga situdiyon Reciprocal Recording a Seattle, inda Jack Endino yake kan na'ura. Cikin kimanin awa shida suka ɗauki waƙoƙi goma na gwaji. Ana tsakiyar ta goman zaren ɗauka, wato tef ɗin da ake naɗar sauti a kai, ya ƙare, ba su sayi wani ba, sai Endino ya dusashe ƙarshenta ya bar ta haka. Shi ne kuma ya miƙa kaset ɗin ga Jonathan Poneman, wanda shi da Bruce Pavitt suke tafiyar da Sub Pop. A Nuwamban 1988 kamfanin ya buga musu ƙaramin faifai mai waƙa biyu, "Love Buzz" da "Big Cheese", guda 1,000 kacal. A lokacin Chad Channing ya riga ya zauna a kan ganguna.

Babban aikin kundin an yi shi ne ranar 24 ga Disamba, 1988, da 29 zuwa 31 ga watan, sai 14 da 24 ga Janairu, 1989. Endino ya lissafa awa 30, kuɗin ya kama dala 606.17, wato kusan dala 20 a kowace awa. Ba su da kuɗin. Wani mai jita, Jason Everman, shi ya biya, shi ya sa aka sa sunansa a bayan faifan kuma hotonsa yake a gaba, alhali bai kaɗa ko tsirkiya ɗaya a ciki ba. Ya yi yawon wasa da su na ɗan lokaci a 1989, ya koma ƙungiyar Soundgarden na wasu watanni, daga baya ya shiga sojan Amurka. Don a ga tazarar, kundinsu na biyu, Nevermind na 1991, kasafin farko da aka ware masa dala 65,000 ne.

Na'urar ɗaukar ita ce Otari MX-5050, mai zaren faɗin rabin inci, mai layi takwas. A nan ya kamata a tsaya a yi tunani, domin yaron da ke aiki da kwamfuta yau yana iya buɗe layi hamsin ko ɗari bai ji komai ba. Layi takwas na nufin sauti takwas ne kawai za ka iya ajiyewa daban-daban. A irin wannan situdiyo ganguna kaɗai kan cinye huɗu ko biyar: ɗaya na babbar gangar ƙafa, ɗaya na ƙaramar ta tsakiya mai ƙara tas-tas, biyu a sama don faya-fayan ƙarfe da sauran gangunan. Bes ya ɗauki ɗaya, jita ɗaya ko biyu, murya ɗaya, shi ke nan an cika. In kana son ƙarin wani abu, dole ka haɗe layi biyu su zama ɗaya, kuma da zarar ka haɗe babu rabawa. Babu gyaran murya da kwamfuta, babu jawo bugun da ya makara a mayar da shi wurinsa. Wanda ya yi kuskure, ko a sake waƙar, ko a bar kuskuren ya shiga duniya. Wannan ƙunci shi ya ba kundin siffarsa: an yanke shawara da wuri, an kaɗa tare a ɗaki ɗaya, an wuce.

Kayan Cobain ma ba na a zo a gani ba ne. Jitarsa Univox Hi-Flier ce, mai araha ƙirar Japan, kuma shi bahago ne. Amfilifayarsa tana wurin gyara, sai ya yi amfani da Fender Twin ta Endino. Kaushin sautin kuwa daga wani ɗan akwati ruwan lemo yake fitowa, Boss DS-1, wanda ake takawa da ƙafa. Aikinsa shi ne ya ƙara wa siginar jita ƙarfi fiye da kima sannan ya datse kanta, sai sautin ya fito a ɓarje, da kauri, yana daɗewa bai mutu ba. Har yau ana ƙera wannan akwati, kuma batir mai volt 9 yake ci.

Waƙar da ta buɗe kundin, "Blew", da bes kaɗai take farawa, can ƙasa ƙwarai. Dalilin shi ne sun sassauta tsirkiyoyinsu fiye da yadda aka saba, har babbar tsirkiyar ta sauko wajen muryar C, wadda ta fi kauri, maimakon E da aka saba ɗaure ta a kai. A zaman farko sun ɗauki waƙoƙi da wannan saiti, da suka dawo suka saurara bai yi musu ba, suka sake ɗauka, amma suka bar wannan. Sun yi daidai da suka bar ta. Tsirkiyar da ta saki tana kaɗawa da faɗi, tana ɗan karkacewa daga saiti idan an buga ta da ƙarfi, kuma wannan rawar ita ce ta ba waƙar nauyinta. Sun kuma yi daidai da ba su yi haka ga duka kundin ba, domin idan bes da jita duk suka taru a ƙasa, sai su danne gangar ƙafa, sauti ya zama dunƙule guda ba a rarrabe komai.

Kunnen da ya saba da garaya ko gurmi ba zai ji ginin waɗannan waƙoƙi baƙo ba kamar yadda ake zato. Ɗan gajeren salo ɗaya ne ake nanatawa a kan tsirkiya, ba a sauya shi sai kaɗan, murya ta hau kansa, ƙarfin kuma daga nanatawar yake taruwa. "School" ita ce misali mafi kyau. Ba ta kai minti uku ba, kalmominta ba su wuce layi uku zuwa huɗu ba, amma salon jitar yana zagayowa kamar ba zai tsaya ba, sai a tsakiya komai ya lafa, bes da ganga su riƙe, murya ta sauko ƙasa, sannan a sake fashewa gaba ɗaya. Wannan lafawa da fashewa ita ce dabarar da ta ɗaukaka su bayan shekara biyu, kuma a nan aka fara ganin ta sosai. Maganarta a kan yadda makaɗan Seattle suka rarrabu gida-gida kamar 'yan makarantar sakandare ne. A ganina babu waƙar da ta fi ta a kundin ta fuskar kiɗa.

Ta fuskar rubutu kuwa "About a Girl" ce a gaba, kuma da tazara. Cobain ya rubuta ta bayan ya wuni yana sauraron wani tsohon kundin Beatles, a kan zamansa da budurwarsa ta lokacin, wadda ita ce ma ta ɗauki hoton bangon kundin. Jitar a nan ba a ɓarje ta sosai ba, baitin yana tafiya ne a kan riƙo biyu kacal, wato sigar danna tsirkiyoyi iri biyu, ana kaiwa ana komowa, kuma ana jin kowace kalma. Shi kansa ya yi ɗari-ɗari da sa ta, don gudun kada abokan harkarsu su ce ya yi laushi. Ita ce kuma waƙar da ya buɗe wasansu na shirin talabijin na MTV Unplugged da ita a New York ranar 18 ga Nuwamba, 1993, da jita marar ɓarza, kuma daga nan ne yawancin duniya suka san ta. Wanda ya saurari biyun a jere zai gane cewa waƙa mai kyau ba ta dogara da kayan da aka kaɗa ta da su. Ta kundin ta fi sauri da tsauri, ta 1993 ta fi natsuwa, amma ƙashin bayan ɗaya ne.

"Love Buzz" ba tasu ba ce. Ta ƙungiyar Shocking Blue ce ta ƙasar Holan, daga 1969, Robbie van Leeuwen ya rubuta. Bes ne yake jan ta, da wani lanƙwasasshen salo mai ƙamshin kiɗan gabas. Mutanen bakin iyaka, Maigatari da Babura da kewaye, waɗanda suka saba jin jitar Buzaye ta Agadas a wayoyin fatake, ta nan ya fi dacewa su shiga kundin. "Negative Creep" kuwa gudu ce tsantsa: yatsa yana zamewa sama da ƙasa a wuyan jita, murya tana tsagewa. Minti uku ne ba kaɗan, kuma ba ta buƙatar fiye da haka.

Waƙoƙi uku ba Channing ne ya buga gangunansu ba. "Floyd the Barber" da "Paper Cuts" da "Downer" daga waccan ɗaukar gwaji ta Janairun 1988 aka ciro su, da bugun Dale Crover, aka sake tace sautin. Wannan wuri ne mai kyau na horar da kunne. Sa "Paper Cuts" sannan ka sa "Scoff" a bayanta. Crover yana buga ganga da nauyin hannu, yana barin sarari tsakanin bugu da bugu, sautin ya cika ɗaki. Channing ya fi sauƙin hannu da yawan kwalliya, kuma gangarsa ta tsakiya a kundin nan ta fito siririya, busasshiya, wani lokacin kamar ba ta da ciki. Ba laifinsa kaɗai ba ne, lokacin da za a zauna a saita makirfo a kan kowace ganga shi ne babu. Amma raunin kundin mafi girma ke nan, kuma shi ya sa da Dave Grohl ya karɓi gangunan a 1990 mutane suka ji kamar wata ƙungiya ce daban.

Rabi na biyu shi ne inda ƙarfi yake raguwa. "Scoff" da "Swap Meet" da "Mr. Moustache" kowacce tana da salon jita mai kyau, amma muryar ba ta da inda za ta, kuma sun yi kama da juna. "Sifting" ta haura minti biyar, ita ce mafi tsawo, ba ta da abin da zai riƙe mai sauraro tsawon haka. Cobain da bakinsa ya ce yawancin kalmomin kundin a daren da za a shiga ɗauka ya rubuta su, kuma a waɗannan huɗun an ji alamar hakan. Kiɗan an sha gwajinsa kafin a zo, kalmomin ba a yi musu haka ba.

Akwai abin da ya wajaba a faɗa ba kwana-kwana, musamman ga masu tura wa yara waƙoƙi a shagon caji. Kalmomin kundin nan masu duhu ne. "Floyd the Barber" labarin cin zarafi da kisa ne a shagon aski, bai dace da yaro ba, bai dace a sa shi a bainar jama'a ba ko da ba a jin Turancin. "Paper Cuts" a kan yaran da aka kulle a ɗaki ne. Sunan kundin ma daga wata sanarwar yaƙi da cutar ƙanjamau aka ɗauko shi, wadda Cobain ya gani a San Francisco, tana gargaɗin masu allurar ƙwaya su riƙa wanke allurarsu da sinadarin wanki da ake kira bleach. Shi kansa daga baya ƙwayar ta kama shi, ya kashe kansa a Afrilun 1994 yana da shekara 27. A garuruwan da kodin da taramol suka riga suka lalata samari da yawa, wanda zai yaba wannan kiɗa ya yaba aikin hannun, kada ya kwaɗaita wa kowa rayuwar. Ƙwayar ba ta ƙara masa waƙa ko ɗaya ba, yanke sauran ta yi.

Sai batun wanne za a nema, domin kundin ya fita a siffa fiye da ɗaya. Faifan garmaho na farko waƙa 11 ne, kimanin minti 37, kuma guda 1,000 na farko farare ne, yanzu sai masu tara kayan tarihi. Bugun Ingila na 1989 ya cire "Love Buzz" ya sa "Big Cheese". Faifan CD da ya fi yaɗuwa waƙa 13 ne, an ƙara "Big Cheese" da "Downer", kusan minti 43. Kafin Nevermind ya fito an sayar da kimanin kwafi 40,000, bayan nan ya haura miliyan, ya zama kundin da Sub Pop ya fi sayarwa. A Nuwamban 2009 aka fitar da bugun cika shekara 20, an sake tace shi daga zaren asali ƙarƙashin kulawar Endino, aka haɗa da wasan da suka yi a Pine Street Theatre na birnin Portland ranar 9 ga Fabrairu, 1990. Shi ne wanda ya fi cancanta a nema. Bes ya fi cika, murya ta fi fitowa. Garmaho kuwa a manta da shi a nan yankin: zafin bazara yana lanƙwasa faifan, ƙurar hunturu tana cika layukansa, allurar kuma ba a samun ta a kusa.

Yawancin waɗanda suka ce sun ji kundin bai yi musu daɗi ba, ba kundin suka ji ba, lalataccen fayil suka ji a sifikar waya. Abu biyu ne suke haɗuwa. Na farko matsewa. Fayil ɗin da aka sauke daga bidiyo aka juya shi, aka tura ta Xender daga waya zuwa waya, sau da yawa 64 kbps ne ko ƙasa da haka (kbps ma'aunin ingancin fayil ne, ƙaramar lamba na nufin an matse shi sosai). Waƙar fiyano da murya ɗaya tana jure wannan matsi, amma jita ɓarzajjiya da faya-fayan ƙarfe ba sa jurewa, domin sautinsu ya cika ko'ina ba sarari, manhajar matsewa ba ta samun abin da za ta zubar ba tare da an ji ba. Sakamakon shi ne wani shuuu mai kama da ruwa a saman waƙar. Ga lissafin: minti 43 a 64 kbps kusan MB 20 ne, a 128 kusan MB 41, a 192 kusan MB 62, a 320 kusan MB 103. Kada a sauka ƙasa da 192. Duba girman fayil kafin ka karɓa: "About a Girl" minti biyu da daƙiƙa 48 ce, a 192 ya kamata ta kai wajen MB 4, idan ka gan ta MB 1 da ɗoriya to an matse ta. Kuma juya ƙaramin fayil zuwa 320 ba ya dawo da abin da aka zubar, girma kawai yake ƙarawa. Hanya mafi tsafta, wadda kuma ba ta cin haƙƙin masu shi, ita ce Spotify ko Apple Music ko YouTube Music, a sauke a lokacin da aka shiga gari mai sabis mai ƙarfi, a saita inganci a sama kafin a danna saukewa.

Na biyu sifika. Muryar C ta ƙasa a jitar bes tana kaɗawa ne kusan sau 33 a daƙiƙa. Sifikar waya ba ta fitar da komai na kirki sai an haura ɗaruruwa. Don haka farkon "Blew" a waya kusan shiru ne, sai ɗan ƙaiƙayin tsirkiya, kuma idan jita ta shigo sai tsinin sautin kawai ya rage. Ƙananan sifikun Bluetooth masu girman gwangwanin madara ma kaɗan suka fi. Abin da ake bukata aƙalla sifika mai faɗin inci 6 zuwa 8 a cikin akwatin katako, ko abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya. Idan akwai hanyar haɗawa da kebul na jonawa, a yi amfani da ita maimakon Bluetooth, domin shi ma yana sake matse sautin. A ajiye akwatin kusa da bango, kamar taku ɗaya, bes zai ƙaru ba tare da an taɓa komai ba. Ɗakin ƙasa mai tabarma da katifa ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba, don kwanon yana mayar da tsinin jitar ya ninka shi.

Masu amfilifayar batir ko sola su kula da wani abu. Wannan kiɗa ba shi da hutu, ƙarfinsa a sama yake daga farko har ƙarshe. Batir mai volt 12 idan ya fara sauka ƙasa da 12, amfilifaya ba ta iya ba da cikakken ƙarfi, sai ta fara datse sauti da kanta. A waƙar da sautinta yake tsaf nan da nan za ka ji ta fara karcewa ka rage. A nan kuwa da ma jitar a ɓarje take, kunne ba ya rarrabewa, sai dai ka ji warin ƙuna. Ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti ita ce take fara mutuwa, domin datsewar tana tura mata wuta fiye da abin da siririyar wayarta za ta ɗauka. Maganin: kada ƙara ta wuce kashi biyu cikin uku, maɓallin bes da na tsini a bar su a tsakiya, in ma za a taɓa to a ɗan rage tsinin. Idan murya ta fara nutsewa cikin jita alhali da ba haka take ba, batir ne ya yi ƙasa, a kashe. Mai abin sauraro a kunne kuma ya tsaya wajen kashi 60 cikin ɗari, ya huta bayan rabin kundin.

Ga masu ƙananan situdiyo, darasin farko shi ne gwaji kafin ɗauka. Awa 30 sun isa ne saboda ƙungiyar ta riga ta kaɗa waƙoƙin nan sau ba adadi a ɗakin gwaji da gaban jama'a. Tun ran gini tun ran zane. Mawaƙin da ya zo situdiyo yana neman amshi a gaban makirfo, janareto na shan mai, kuɗinsa da na mai situdiyon yake ƙonawa. Darasi na biyu ya fi muhimmanci, kuma a nan mutane suke ɓata aiki. Wani zai ji kaushin Bleach ya ɗauka ƙure ƙarar shiga aka yi har fitila ta yi ja. Zaren ɗauka yana da haƙuri, idan an ɗan wuce iyaka yakan tausasa sautin ya dunƙule shi. Kwamfuta ba ta da wannan haƙuri, da an taɓa sifili, wato ƙurewar ma'aunin shigar sauti, sai ta yanke kan sautin ƙaf, a sami ƙara mai ciwo wadda ba ta gyaruwa. Kaushin a yi shi a akwatin takawa ko a amfilifayar jita, shi kuma ma'aunin shiga kwamfuta ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 dB, wato ƙasa da sifilin nan, a bugu mafi ƙarfi. Makirfo irin na hannu mai jure ƙara, kamar Shure SM57, a sa shi kamar yatsa biyu zuwa uku daga gaban sifikar amfilifaya, a ɗan kauce daga tsakiya. Tsakiyar ta fi tsini, gefe ya fi taushi, kuma matsar da shi da faɗin yatsa ɗaya ya fi duk wani gyara da za a yi daga baya.

Wannan tsari ba na jita kaɗai ba ne. Mai son ɗaukar kalangu da gurmi da mawaƙi da 'yan amshi a zama ɗaya, matsalarsa ɗaya da ta Endino: sautin wannan yana kutsawa makirfon wancan. Ba a kawar da shi gaba ɗaya, rage shi ake yi. A juya bayan makirfon mawaƙi ga mai kalangu, a jingina katifa tsakaninsu, a matso da kowane makirfo kusa da abin da yake ɗauka. Janareto a kai shi nesa, bayan katanga, a kashe fanka da caja masu arha, domin gunjin wutar lantarki da ya shiga ɗauka yana zama a daidai inda bes yake, cire shi kuma yana tafiya da bes ɗin. Kukan da sifika take yi idan makirfo ya matso ta, wanda kowa ke gudu a wurin taro, a "Paper Cuts" da gangan aka jawo shi, ta hanyar kusantar da jita ga amfilifaya. Mai son gwada shi ya fara da ƙara kaɗan, tafin hannunsa a kusa da tsirkiya don ya danne ta idan kukan ya ƙwace.

Wanda zai fara sauraro kada ya bi jerin kundin daga farko. Ya fara da "About a Girl", sai "Love Buzz", sai "School", sai "Blew", sai "Negative Creep", duka kusan minti 15. Idan waɗannan sun zauna, a ƙara "Paper Cuts" da "Big Cheese", wadda Cobain ya yi a kan matsin da yake ji daga shugabannin kamfaninsu. Daga nan sai wasan Portland na bugun 2009, inda mutum uku ne kawai a dandamali kuma babu damar sake ɗauka. A can Channing ya fi sakin hannu, gangarsa ta fi ta situdiyo rai, kuma ana jin "Dive" da "Been a Son" da "Sappy", waɗanda ba sa cikin Bleach, sun riga sun karkata zuwa waƙa mai amshin da ake iya rerawa. Wasan shi kaɗai kimanin minti 34 ne, don haka mai saukewa a 192 ya bar wa bugun gaba ɗaya sarari kamar MB 110 a memorinsa.